Waya Ta Zama Maigidan Baƙo, To Wa Ke Lamuni?

Duk wanda ya kwana biyu a wannan yanki namu, daga ƙarƙashin gadar Iyana Ipaja zuwa Dopemu, zuwa Zangon Agege da Abbatuwar Oko-Oba, ya san cewa cikin 'yan shekarun nan hanyar neman abincinmu ta koma cikin aljihu. Kuɗin mota yana cikin kati. Kuɗin ciniki yana cikin waya. Tikitin jirgin ƙasa sai an shiga intanet. Layin wayar kansa ba ya aiki sai an haɗa shi da lambar NIN, asusun banki kuma sai da BVN. Mai shayi ya manna lambar asusu a jikin teburinsa, mai suya ma haka, har mai ga-ruwa in ka ce masa babu canji sai ya ce, "Tura kawai, Alhaji."

Kayan nan suna aiki, wasunsu ma sun rage mana wahala ƙwarai. Sai dai an tsara su ne domin mutumin da ke karanta Turanci, wanda sunansa iri ɗaya ne a duk takardunsa, mai babbar waya da data a ciki. Da yawa daga cikin masu shigowa unguwannin nan daga Arewa ba haka suke ba. Saboda haka tsakanin ɗan'uwanmu da kowace na'ura sai wani mutum ya tsaya: mai POS, mai cajin waya, yaron shagon kwamfuta, ko wani ɗan ɗaki da ya ɗan taɓa boko. Wannan mutum na tsakiya shi ne batunmu a wannan fitowa, domin ya gaji aikin maigida da dillali na da, amma bai gaji lamuninsu ba.

Yadda zango ya saba

Bari mu tuna asalin abin. Layin dogo ya isa Kano a 1911, Agege kuma tana bakin wannan layi, ga gonakin goro a kewayenta. Abin da ya jawo iyayenmu ke nan: a sayi goro a ɗaure a yi Arewa da shi, a sauko da shanu da tumaki Kurmi. Falke ya sauka bai san kowa ba, ba ya jin Yarbanci, ga dukiya a hannu. Sai ya nufi gidan maigida. Maigida ya ba shi ɗaki da tuwo, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillalinsa. Idan an ba mahauci sa bashi, maigida ne ya tsaya masa. In mahaucin ya noƙe, maigida ya san gidansa, ya san shugabansu, in ta kama ya biya daga aljihunsa. Wani masani daga Ingila, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Badun ya rubuta wannan tsari a littafin da ya fitar a 1969, amma dattawanmu na Abbatuwa ba sa bukatar littafi kafin su ba da labarinsa.

Maigida ba waliyyi ba ne, la'adarsa yake ci. Amma yana da gidan da ba zai ɗauka ya gudu da shi ba. Yana da sunan da in ya ɓaci, labari zai riga shi isa Kano da Sakkwato. Kuma akwai fadar Sarkin Hausawa inda za a kai ƙararsa. Abu uku ke nan: gida, suna, da wurin kai ƙara. Da su za mu auna na'urorin yau da masu tsaya mana a kansu.

Abin da ya gyaru

Kada a yi rashin adalci, an samu sauƙi. A watan Agusta 2020 Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya buɗe layin BRT daga Oshodi zuwa Abule Egba, kusan kilomita 14, wanda ya ratsa tsakiyar titin Abeokuta da tasha a nan Iyana Ipaja. Wanda ya san gosulon wannan titi da safiyar Litinin ya san darajar motar da ke da hanyarta ita kaɗai, kuma kuɗinta ba ya tashi don an yi ruwan sama, kamar yadda kwandastan danfo ke yi. Jirgin da ake kira Red Line, wanda Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar ranar 29 ga Fabrairu 2024, ya fara ɗaukar fasinja ranar 15 ga Oktoba na wannan shekarar. Kilomita 27 ne daga Agbado zuwa Oyingbo, tasha takwas, ɗaya a ƙofar gidanmu a Agege.

Haka batun kuɗi. A da mai tafiya gida Sallah ɗaure kuɗinsa yake yi a lalita, ya kwana ido biyu tsakanin Ilori da Jebba da Mokwa. Mai aika wa iyali kuwa direba zai ba, ya yi kwana uku yana jiran ya ji ko saƙo ya isa. Yau daga bakin masallaci za ka tura wa mahaifiyarka a Illela ko Jibiya ko Haɗeja, kafin ka mayar da waya aljihu ta kira tana sa albarka. Saƙon murya na WhatsApp ya yi wa wanda bai yi boko ba abin da gidan waya bai taɓa yi masa ba. Mai sayar da raguna yana ganin dabba a bidiyo tana kasuwar Mai'aduwa tun kafin a ɗora ta a tirela. Babu mai hankalin da zai ce a koma baya.

Katin wuri

To amma mu dubi katin shiga motar. Sunansa Cowry, wato wuri, kuɗin da kakanninmu suka yi ciniki da shi kafin sulai da fam. Wuri dai da hannunka kake ƙirga shi. Wannan kuwa ba ka ganin abin da ke cikinsa sai a ɗan gilashin na'urar bakin ƙofa, na ƙiftawar ido, ana tura ka ta baya. Ƙa'idarsa ita ce ka taɓa lokacin shiga, ka sake taɓawa lokacin sauka. Wanda ya manta na biyun, kuɗin ƙarshen layi za a ci shi, ko da a Dopemu ya sauka. Cikin dattawanmu, mutum nawa aka taɓa yi wa wannan bayani da harshen da yake ji? Sai ka ji Baba yana cewa katin cin kuɗi yake yi, ya jefa shi a aljihun babbar riga, ya koma danfo.

Sannan motar da jirgin duk an yi su ne domin ma'aikaci mai 'yar jaka a kafaɗa. Kafin ka kai ga BRT sai ka hau gadar ƙafa ka sauka tsakiyar titi. Mai buhun albasa daga Ile-Epo, ko mai dilar gwanjo daga Katangowa, ba shi da gurbi a wannan tsari. Alhali kuwa zirga-zirgar mutanenmu rabinta da kaya ce.

Jirgin Badun ma haka. Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shi a watan Yuni 2021, tashar Agege aka raɗa mata sunan Babatunde Fashola. Jirgi ne mai tsabta, mai sanyi. Amma a Moniya yake tsayawa, daga nan mai zuwa Arewa sai ya koma mota, kamar dai yadda aka saba. Da aka mayar da sayen tikiti ta intanet, ana neman NIN, sai aka rufe ƙofar 'yan cuwa-cuwa ta gaba aka buɗe ta baya: wanda bai iya danna waya ba dole ya nemi wanda zai saya masa, ya ba shi lambar NIN ɗinsa, ya ƙara masa na goro. Idan an zo shiga aka ce tikitin bai yi ba, wanda ya saya maka ya daɗe da shigewa cikin kasuwa.

Mai POS

Babban ɗan tsakiyan wannan zamani shi ne mai POS, kuma ƙarancin kuɗin 2023 ne ya naɗa shi sarauta. Ranar 26 ga Oktoba 2022 Babban Bankin Nijeriya, a ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000. Kafin Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu, mun ga ana sayen naira da naira a bakin titi. A waɗannan makonni ne mahauta da masu kayan gwari da ba su taɓa shiga banki ba suka buɗe asusu a OPay da Moniepoint da PalmPay, wasu kuma suka ce wa mai saye ya tura a asusun yaron da ke ƙarƙashin lema kusa da su.

Akwai masu POS 'yan amana, mun san su, muna salla sahu ɗaya. Amma a duba yadda harkar take tafiya. Mutum ya miƙa katinsa, ya faɗi lambar sirrinsa da baki a danna masa, mutum biyar suna tsaye suna ji. Wani cinikinsa na wata guda yana kwance a asusun mai POS, babu takarda, babu shaida. A idon banki wannan kuɗi na mai asusun ne. In ya naɗe lemarsa ya bar gari, ko aka rufe asusun saboda wani kuɗin haram da ya biyo ta ciki, ko Allah ya yi masa rasuwa, da me za ka nuna naka ne? Lema ba gida ba ce. Suna kuwa, da yawa laƙabi kawai muka sani. Hukuma ta ce kowane mai POS ya yi rajista da CAC, aka sa wa'adi a watan Satumba 2024. Wannan ya taimaki gwamnati ta san su. Mai tumatur da aka ci wa kuɗi kuwa bai san inda zai je ya duba wannan rajista ba.

Ga kuma alat na bogi. Saƙon tes da ke cewa kuɗi ya shigo, kowane ɗan damfara yana iya ƙirƙirarsa, haka ma hoton rasit da ake nuna maka a fuskar waya. Shaida ɗaya ce: ka shiga asusunka da kanka ka ga kuɗin ya ƙaru. Wanda bai iya wannan ba, rago yake bayarwa a kan hoto.

Da wanda aka cire masa kuɗi na'ura ta ce bai fita ba. "Ka yi haƙuri, Malam, zai dawo." Mutane da yawa ba su san cewa tun watan Yuni 2020 Babban Banki ya ɗora wa bankuna wa'adin awa 72 su warware irin wannan na POS ba. Ba su san cewa in ka kai ƙorafi bankinka aka yi mako biyu ba a yi komai ba, kana da damar ɗaukaka shi zuwa sashen kare masu hulɗa na Babban Banki ba. Wurin kai ƙara yana nan, amma a rubuce ake kai ta, da Turanci, tare da lambar ƙorafi da ɗan rasit ɗin da yawanci a ƙasa ake jefarwa. Harajin naira 50 da ake cirewa in an tura naira 10,000 zuwa sama kuwa ba ya mantuwa, ba ya kuskure.

Layin wa kake riƙe?

Duk wannan gini a kan layin waya yake tsaye. Tun Disamba 2020 gwamnati ta ce a haɗa kowane layi da NIN. A Afrilu 2022 aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira, wa'adin ƙarshe kuma ya cika ranar 14 ga Satumba 2024. Nan ne sunayenmu suka zame mana ƙaya. Mutum ɗaya Muhammad ne a banki, Mohammed a NIN, Mamman a katin zaɓe. A wata takarda sunan mahaifinsa ya biyo baya, a wata sunan garinsu. Ranar haihuwa kuma magatakardan ne ya zaɓa masa. Kwamfuta ba ta san cewa Garba da Abubakar mutum ɗaya ne ba. Sai ta ce bayanai ba su dace ba, gyara kuma sai da kuɗi da jeka-ka-dawo.

Mafitar da wasu suka samu ita ce sayen layin da aka riga aka yi wa rajista, ko a ce wani ya cire musu da sunansa. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Tawa da Damagaram da takardunsu ba su cika ba sun fi faɗawa cikin wannan. Ranar da wayar ta ɓata, mai sunan ne kaɗai zai iya dawo da layin, kuma in ya dawo da shi saƙonnin bankinka hannunsa za su riƙa zuwa. In kuma wanda aka yi rajistar da sunansa ya aikata wani abu, kai da ke riƙe da layin za a fara kamawa. Ɗan ci-rani kuma ya sani: layin da aka ajiye watanni ba a taɓa shi ba, kamfani yana iya sake sayar da lambar ga wani. Ka tafi noma ka dawo, ka tarar lambar da ke jikin asusunka tana hannun baƙo.

Ita kanta wayar

Rashin wuta ya sa wayoyinmu suna wuni a teburin mai caji. Waya ce a da, yau kuwa lalita ce. Ɓarawon waya a gadar Iyana Ipaja ba kan wayar ne ya dame shi ba. Layin yake cirewa ya sa a wata ƙaramar waya, ya nemi hanyar shiga asusu kafin mai ita ya gama salati. Maganin wannan kyauta ne: kowane layi ana iya sa masa lambar kulle tasa daban da ta wayar, sai dai a adana katin da layin ya zo a jikinsa, domin in an yi kuskure sau uku lambar PUK da ke jikinsa ce za ta buɗe. Ba mu taɓa ganin allon talla ɗaya a wannan titi da ke koyar da wannan da Hausa ba, ga allunan data da caca cike da gada.

Mai sayen ta hannu a Computer Village ko a bakin titi shi ma ya kula. Kowace waya tana da lambar IMEI, in ka danna *#06# za ta fito. Mai sayarwa ya rubuta ta a rasit mai sunan shagonsa. In ya ƙi, ka bar masa kayansa, domin wayar sata wanda aka same ta a hannunsa shi ke kwana a ofishin 'yan sanda. Masu ɗaukar Tecno ko Itel ko Infinix bashi kuma su sa a karanta musu takardar kafin su dangwala, su ji jimillar abin da za su biya da abin da zai faru in sun makara, tun da akwai masu kulle wayar daga ofishinsu.

Abin da ya fi ɗaga mana hankali shi ne gado. Mutum ya rasu a nan, mu yi masa sutura, wayarsa tana kulle, iyali suna Arewa. Babu wanda ya san asusu nawa gare shi, ko nawa ne a hannun mai POS, ko wa yake bi wa ke binsa. A zamanin maigida akwai wanda zai ce ga abin da marigayi ya bari. Yau haƙƙin marayu yana iya narkewa a cikin waya babu wanda ya sani.

Ina gyara?

Kamfanoni su fara. Layin kula da abokan hulɗa na MTN da Airtel yana da zaɓin Hausa, wasu na'urorin ATM ma haka. Google ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara tun 2013, Facebook ya biyo baya a 2016. Ke nan abin ba gagara ya yi ba. Kamfanin da ya iya turo wakili har cikin Abbatuwa ya raba na'ura, ya iya sa gargaɗin "kada ka faɗa wa kowa lambar sirrinka" ya fito da murya cikin Hausa. Hukumar LAMATA kuma, ma'aikaci ɗaya mai jin Hausa a tashar Agege da ta Iyana Ipaja ba zai karya ta ba, haka ma duba yiwuwar ware wuri ko lokaci domin masu ɗan kaya.

Sai dai ba za mu zauna jiran Alausa ba. Da girmamawa muke kira ga fadar Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwanninmu su mayar wa harkar nan abu ukun da ta rasa. Duk wanda zai kafa lemar POS ko teburin caji a cikin kasuwarmu, a rubuta cikakken sunansa da garinsu da inda yake kwana, ya kawo dattijon da zai tsaya masa. Wanda ke ajiye wa mutane kuɗi ya riƙe littafi, mai kuɗi ya riƙe nasa, da boko ko da ajami, duk wanda ya iya. A sa rana ɗaya a mako da wani mai ilimi zai zauna a ofishin kasuwa yana rubuta wa mutane ƙorafin banki, yana kira musu 622 na hukumar NCC in matsalar layi ce.

Limamanmu, Allah ya gafarta Malam, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Huɗuba ɗaya a kan ajiyar kuɗi a asusun wani za ta yi aikin da talla ba ta yi ba. Matasanmu da suka yi karatu kuma, sansanin 'yan bautar ƙasa na jihar Legas a nan Iyana Ipaja yake, kuma akan samu 'yan Arewa a cikinsu. A nemo su, a haɗa su da yaranmu, bayan la'asar a koya wa iyaye abu huɗu: duba kuɗi da kanka, danna lambar sirri da hannunka, kulle layi, da taɓa kati lokacin sauka. Wanda ya iya ƙirga kuɗin shanu goma da ka, waɗannan ba za su gagare shi ba. Kada a manta da mata a cikin gidaje, masu fura da awara da ɗinki, waɗanda cinikinsu ke shiga wayar miji ko ta ɗa.

Kafin wannan ya tabbata, kowa ya yi nasa. Layin da ke jikin asusunka ya zama da sunanka. Rasit a ajiye shi har kuɗi ya daidaita. A samu mutum ɗaya amintacce, a nan ko a gida, da ya san bankunan da kake ajiya da waɗanda kake bi, ba sai ya san lambar sirri ba. Mai shirin tafiya gida kuma ya duba layinsa da asusunsa tun yana nan kusa da ofisoshi, kada ya bari sai ya isa ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sabis.

Allah ya tsare mana guminmu, ya kai matafiya lafiya.